Netwok ɗin da ke Bin Motar Maigida

Jama'a, ku gode wa Allah a rubuce kuke ji na yau, don muryata ta dishe. Jiya Juma'a na sa kwat ɗin aro wanda hannunsa bai rufe min tsintsiyar hannu ba, na tsaya a wani ofis mai sanyi na yi ta yabon wani bawan Allah har yawun bakina ya ƙafe. Ni da ko mai ɗakina ban taɓa yabon girkinta a gaban mutane ba. Kuma duk da haka hannu rabbana na dawo gida. Bari in ɗauko muku zancen daga tushe, ku taya ni ji.

Kun san ni, fenti nake sayarwa a ɗan shagona na bakin titi, tsakanin Mai Faci da Tela. Ina da 'ya, Auta. Lokacin da mahaifiyata ta kwanta ciwon da ba ta tashi ba, Auta ce ke juya ta, ta yi mata wanka, ta lallaɓa ta ta haɗiye magani. Tun daga nan ta ƙudurta a ranta aikin jinya za ta yi. Ta zauna jarrabawar shiga makarantar ta faɗi, ta sake zama ta faɗi, bana Allah ya nufa ta ci. Kuma bana ce damarta ta ƙarshe, don baɗi shekarunta sun haura abin da makarantar ke karɓa. Ranar da sakamako ya fito uwarta ta saya mata fararen takalma irin na masu jinya, ta ɗora kwalin a kan kwaba, babu mai taɓawa.

Abu ɗaya ya rage. Ta je ofishin tantance ɗalibai, a ɗauki hotonta, ta dangwala yatsa a na'ura, kwamfuta ta tura wa makaranta. Ana rufe turawar ranar Juma'a da tashi daga aiki. Kuma ba mutum ke rufewa ba balle a kama ƙafarsa, kwamfutar can ce ke rufe kanta.

Farkon mako na kwashe safiya a layin mai, a gidan man da aka rantse mana tun bara cewa layi ya zama tarihi. Na samu abin da na samu na zuba wa babur, na goya Auta muka tafi. Muka tarar da mutane maƙil a baranda. Matar da ke zaune a tagar tantancewa, wadda kowa ke kira Malama, ta ɗago kai ta ce, "Babu netwok." Muka zauna har yamma. Washegari netwok ya zo, aka yi wa 'yan mutane, ya ɗauke. Rana ta gaba ko leƙowa bai yi ba.

Abin da ya ɗaure min kai shi ne, waɗanda suka daɗe a layin ba taga suke kallo ba. Duk sun juya mata baya suna kallon wurin ajiye motoci. Ranar Alhamis na tambayi wata dattijuwa da ta rako jikanta, na ce, "Iya, lafiya kowa ke leƙen waje?"

Ta dube ni sama da ƙasa. "Kai baƙo ne a nan, ko? Ka ga rumfar can? In ka ga baƙar mota a ƙarƙashinta, akwai netwok. In babu mota, ka shimfiɗa ɗankwalinka ka kwanta."

Na ce, "Iya, ni ba ni da ɗankwali."

Ta ce, "Za ka saya, ɗana. Dukkanmu da haka muka fara."

Na ɗauka zolaya ce irin ta tsofaffi. Sai ga baƙar mota ta kunno kai. Wani mutum mai faɗin kafaɗa ya fito, aka karɓe masa jaka, aka karɓe masa wayoyi, ya hau bene. Aka ɗan jima, aka ƙara jimawa, sai Malama ta ƙwala kira, "Na gaba!" Layi ya motsa. Kafin ya zo kanmu mutumin ya sauko, mota ta fita, netwok ya bi ta a baya.

Da mutane suka watse na matsa jikin taga na ce, "Malama, don girman Allah, shi wannan netwok ɗin a but ɗin mota ake ajiye shi?" Ta waiga hagu da dama, ta rage murya, ta ba ni labari. Ku gyara zama, don irin wannan basirar ba kullum ake haihuwarta ba.

Shi mai baƙar motar shi ne shugaban wurin. Mu kira shi Mai Girma Uban Tsimi, Allah ya ƙara masa tattali. Da ya kama aiki sai ya lura ana kashe kuɗi da yawa a harkar sadarwar kwamfutoci. Nan take ya kafa Babban Kwamitin Tsara Dabarun Rage Kashe Kuɗi. Kwamitin ya tare a wani otal mai wurin ninƙaya don ya yi tunani, tunda kowa ya san tsimi ba ya zuwa wa mutum a ofishinsa. Da suka dawo, sun yi ƙiba sun yi haske, sai suka zaga gini suna neman inda kuɗi ke zurarewa.

A ƙarshen wani lungu suka tarar da ɗan ƙaramin ɗaki. Babu kujera, babu tebur, babu ɗan Adam. Sai wasu akwatunan ƙarfe masu ƙyafta fitilu, waɗanda duk kwamfutocin ginin ke jingine da su, ga esi yana busa musu sanyi dare da rana. Malama ta ce Uban Tsimi ya tsaya a bakin ƙofa ya dafe kai. Ya ce, "Ni da nake mutum, mai digiri, in na tashi ana kashe min esi. Ƙarfe kuma yana kwana cikin sanyi?" A ranar aka ciro esin aka kai ɗakin taron kwamiti.

Injinan suka ɗauki zafi suka fara kashe kansu. Injiniyan da ke kula da su ya yi magana, aka ce ba ya goyon bayan sauyi, aka tura shi wani reshe mai nisa inda ko kwamfuta babu. Aka ba da kwangilar fanka. Fanka ta zo ta yi ta kaɗa iska mai zafi. Aka ɗauko ƙwararre daga waje, ya sha shayi, ya karɓi rabonsa, ya tabbatar musu da abin da injiniyan ya faɗa a kyauta, wato injinan na son sanyi.

A nan ne basirar ta fito fili. Uban Tsimi ya ce ai akwai ofis ɗaya a ginin da sanyinsa ba ya wasa, wato nasa. A kwaso injinan a jera a bayan kujerarsa, sanyi ɗaya ya yi aiki biyu. Kwamiti ya miƙe tsaye ya tafa. Aka sake ba da kwangilar jan wayoyi daga wancan lungu zuwa saman bene, wadda Malama ta ce da kuɗinta da an sayi esi har an raba wa maƙwabta. Layin intanet na biyu, wanda ake komawa kansa in na farko ya faɗi, aka yanke shi, wai ba a biyan layi biyu don aiki ɗaya. Babban batirin da ke riƙe injinan in wuta ta ɗauke kuwa, aka kai shi gidan Mai Girma ajiya, don kada ɓarayi su gani.

Saura ƙiris ku gane. A kowace ƙofa ta ginin an manna dokar Uban Tsimi: wanda ya fita ƙarshe ya kashe komai. To shi kaɗai ne a ofishinsa, don haka kullum shi ne na ƙarshe. Akwai babban makunni a bakin ƙofarsa. Zai fita cin abinci, ƙyas. Zai je gaisuwa, ƙyas. Zai raka baƙo filin jirgi, ƙyas. In ya dawo ya kunna, sai injinan sun gama miƙa da hamma kafin su tuna aikinsu.

Ni dai na jinjina. Tunda nake ban taɓa ganin babban mutumin da ya kafa doka ya bi ta da kansa ba sai shi. Waɗansu sun yi mana alkawarin ruwa, famfo ya zama wurin rataye shanya. Waɗansu sun yi alkawarin titi, muka samu allon kwangila mai kyau a bakin rami. Shi kuwa ya ce zai rage kuɗin netwok, kuma ya rage. Har netwok ɗin ya haɗa ya rage.

Yammacin Alhamis na zauna a bencin ƙofar shago. Na lura Auta ta daina kallon saman kwaba. Na kwashe labari na faɗa wa maƙwabtana.

Mai Faci ya ce, "Wannan ai mai sauƙi ne, maƙwabci. Ka nuna min motar. Kafin ya sauko na sace iskar tayoyin kaf, ya kwana a ofis."

Tela ya ce, "Kai komai naka taya. Irin waɗannan mota ɗaya gare su? Kafin ka miƙe an kawo wata, kai kuma ka kwana a hannun hukuma." Ya cire allura daga bakinsa ya juyo gare ni. "Yaya, ni nake auna cikin irin mutanen nan. In na ce wa mutum, ranka ya daɗe, tumbin nan ya ragu, sai ya manta da taron da yake sauri ya zauna har in rufe shago. Ba a tsare su da ƙarfi. Da yabo ake tsare su."

Nan muka kafa Ƙungiyar Iyaye Masu Godiya. Ni ne shugaba, Tela sakatare, Mai Faci kuma sauran jama'a. Na samu allon katako na shafe shi da ruwan zinare, na rubuta Gwarzon Tsimi da manyan baƙaƙe. Tela ya ba mu aron kwat-kwat na mutanen da ba su zo karɓa ba. Dabarar ita ce mu hau sama mu riƙe shi da baki, Auta da uwarta su bi layi a ƙasa, da zarar an tura ta aiko min saƙo a waya, mu yi sallama mu sauko.

Juma'a baranda ta cika ta batse, don ranar ƙarshe ce ga kowa. Baƙar mota ba ta shigo ba sai da rana ta karkata. Direba bai ma kashe ta ba. Ya bar ta tana ruri, esi na busa wa kujeru, babu kowa a ciki, don kada Mai Girma ya dawo ya tarar da zafi. Ashe ƙarfe na iya shan sanyi, in dai shi zai zauna a kai. Direban ya ce mana Maigida takarda kawai ya zo ɗauka, jirgi zai bi zuwa wani taron tsara dabaru.

Sakatariyarsa ta tare mu da fuska a ɗaure. Tana ganin allon zinare ta saki fuska ta buɗe ƙofa.

Jama'a, sanyi! Kafet har idon sawu. Ga injinan nan a bayan kujera suna gurnani a hankali, an ɗora musu butar shayi da tulin jaridu. Uban Tsimi yana tsaye da jaka a hannu. Ya karanta allon, ya sake karantawa, sai ya ajiye jakar ya zauna. Na ji Tela ya sauke numfashi.

Tela ya fara. Ya yabi tsarinsa, ya yabi hangen nesansa, ya yabi ɗinkin rigarsa. Mai Faci ya karɓa, ya ce tunda Mai Girma ya zo ko tayoyin unguwarsu sun rage fashewa. Na taka masa ƙafa, amma na ga Mai Girma yana gyaɗa kai, wato shi ma ya lura da hakan. Wayata ta yi motsi a aljihu. Auta ce: "Baba, layi na tafiya."

Sai aka zo kaina. Allah ya yafe min abin da bakina ya faɗa. Na ce shi uba ne ga marayun kwamfutoci, da ya ɗauko su daga lungu ya rungume su a ofishinsa. Na ce 'ya'yanmu za su ba jikokinsu labarinsa. Na ce, "Ranka ya daɗe, abin da ya fi burge mu iyaye shi ne ba ka yi wa doka kwana. Mun tabbata ko ɗan cikinka ne a layi, ba za ka bar wuta a kunne ka fita ba." Ya lumshe ido ya ce a maimaita wannan, sakatariya ta rubuta. Na maimaita.

Waya ta sake motsi. "Baba, ni ce a gaba." Na ci gaba da zuba. Na yabi iyayensa, na yabi malaman da suka koyar da shi, na yabi kafintan da ya yi teburinsa. Ya dubi agogo, hannunsa ya doshi jaka. Wani saƙon ya shigo: "Na zauna." Yabo ya ƙare min tas. Na dubi Tela, ya dubi silin. Na dubi Mai Faci, yana ƙoƙarin buɗe baki, na san in ya buɗe taya ce za ta fito. Don in ƙara mana ɗan lokaci sai na ce, "Ranka ya daɗe, kafin mu tafi, ka taimaki na baya. Mene ne sirrin wannan nasara?"

Wallahi idonsa ya kawo ruwa. Ya ce, "Ka san duk ma'aikatan nan babu wanda ya taɓa yi min wannan tambayar?" Ya miƙe, ya sa a kira mai hoto, ya ce mu biyo shi. Muka bi shi har bakin ƙofa, ni ina murna zai yi dogon jawabi. Ya jera mu a gefensa, ya ba Mai Faci allon ya riƙe. Ya ɗaga yatsa ɗaya sama. Ya ce, "Mutane na zaton dabara sai an kashe kuɗi. Sirrin ɗan ƙarami ne. Ku duba da kyau."

Ƙyas.

Gurnanin injinan ya mutu. Fitilun suka rufe ido. Daga ƙasan bene muka ji wani irin nishi ya taso, na mutane da yawa a lokaci ɗaya.

Ya ce, "Kun ji shirun nan? Wannan shirun riba ce."

Mai hoto ya ce, "Ranka ya daɗe, ka ƙyafta ido, a sake." Ya kunna. Injinan suka fara tari suna neman farfaɗowa, zuciyata ta ɗago tare da su. Ya gyara tsayuwa, ya yi murmushi. Ƙyas.

A nan na manta da ni shugaban ƙungiya ne. Na kama hannun rigarsa na ce, "Ranka ya daɗe, don Allah kunna. 'Yata na zaune a taga yanzu haka, yatsanta na kan na'ura. Yau ake rufewa, kuma ba ta da baɗi. Ka bar shi a kunne ka tafi, ni zan tsaya in kashe maka da hannuna."

Ya dube ni da tausayi, irin kallon da likita ke yi wa wanda ya ƙi shan magani. Ya zare hannuna daga rigarsa a hankali. Ya ce, "Haba, shugaba. Yanzun nan ka gama faɗa, har an rubuta. Ko ɗan cikina ne. So kake in ƙaryata ka a gaban mutanenka?" Ya karɓi allonsa, ya sa mukulli ya kulle ƙofa, ya ce ƙofarsa a buɗe take ga iyaye a kowane lokaci. Muna tsaye muka ji baƙar mota ta fita.

Na sauko na nufi tagar tantancewa. Auta na nan zaune a kan kujerar, babban yatsanta har yanzu a kan gilashin na'urar, don an ce mata kada ta ɗaga sai an ce ta ɗaga. Malama ba ta iya haɗa ido da ni ba. Ta ce an ɗauki hoto, an ɗauki yatsa, turawa kawai ta danna abin ya tsaya yana juyawa. Muka zauna har masu shara suka fara ɗaga benci. Uwarta ce ta je ta ɗago mata hannun ta ce, "Taso, Auta, mu je gida."

Muka kama hanyar gida. Ni kuwa raina ya ɓaci irin ɓacin da ban taɓa ji ba, kuma rabinsa da kaina nake. Da mun bar Mai Faci ya yi aikinsa, da yanzu wataƙila muna kai masa abinci a bayan kantar 'yan sanda muna dariya.

Yau da safe ina buɗe shago sai ga Auta ta zo taya ni aiki, fararen takalman nan a ƙafarta. Na ce, "Auta, waɗannan kuma fa?" Ta ce, "Baba, kada su lalace a kwali." Ta durƙusa tana juya min shuɗin fenti a bokiti. Ɗigo ɗaya ya faɗo a kan na dama. Ta gani, na gani, ba ta goge ba.

An ce min hoton namu har ya hau shafin ofishin, tun daga wayar Mai Girma, don ita netwok ɗinta ba ya ɗaukewa. An rubuta a ƙasa cewa iyaye sun yi tattaki don nuna farin cikinsu da sabon tsari. In kun ci karo da shi, ni ne na hagu, mai guntun hannun kwat, baki a buɗe. Kada ku ɗauka yabo nake a wurin. Wannan an ɗauka ne bayan ƙyas na biyu.